Waiwaye: Saukar jirgin alhazai a Kano, 1973

Ran Litinin 22 ga Janairun 1973, jirgin Boeing 707 ya taso daga Jidda da mutum 202, galibi alhazan Najeriya da suka kammala aikin hajji. Jirgin mallakar Alia ne, kamfanin jiragen ƙasar Jodan, Nigeria Airways ya ɗauko shi haya don jigilar alhazai. Legas ya nufa. Yanayi ya ɓaci a can, sai aka karkato da shi Kano, ga shi kuwa tsakiyar hunturu ne, iska na kaɗawa da ƙarfi a filin.

Jirgi da tayoyin baya yake fara taɓa ƙasa, sannan a kwantar da gaba a hankali, domin ƙafafun bayan ne aka yi don ɗaukar nauyi. Wannan da ƙafar gaba ya dira. Ta faɗa wani ɗan kwari a kan titin saukar ta karye, ƙafar baya ta dama ta biyo ta. Jirgin ya juya yana fuskantar inda ya fito, ya sauka daga titi, wuta ta kama shi. Mutum 176 suka rasu, 26 suka tsira, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. A ranar babu haɗarin jirgin sama da ya taɓa cin rayuka haka a duniya, har sai da jirgin Turkiyya ya faɗi kusa da Paris a Maris 1974 da mutum 346. A cikin Najeriya kuwa har yau shi ne mafi muni.

An saba ɗora wa iska laifi a wuce wurin, kuma lalle tana da nata kason. Sai dai kwarin da ya karya ƙafar jirgin a titin yake, gyaran titi kuwa aikin mutum ne.

Bayan shekara 32 aka ga makamancin haka a Fatakwal. Ran 10 ga Disambar 2005, jirgin DC-9 na kamfanin Sosoliso ya iso daga Abuja cikin ruwa da iska mai sauya alkibla nan take. Masu bincike sun gano matuƙan sun ci gaba da yin ƙasa alhali ba su hango titi ba, har suka wuce tsayin da ya kamata su fasa sauka su sake zagaye. Fitilun titin ma a kashe suke. Jirgin ya bugi ƙasa a gefen titi, ya daki kwalbatin siminti na magudanar ruwa, ya tarwatse ya kama da wuta. Cikin mutum 110, biyu kaɗai suka rayu. Yara 60 daga cikin mamatan ɗaliban makarantar Loyola Jesuit ta Abuja ne, suna hanyar zuwa gida hutun ƙarshen shekara.