Tsara filin gandun safari

Gandun safari fili ne mai shinge inda namun daji ke yawo sake, masu kallo kuma su ratsa cikinsu a mota. Ya bambanta da gandun daji irin na Yankari, wanda dajin da dabbobinsa suna nan tun asali. A gandun safari mutum ne ke shata inda kowane tudu, tafki da hanya za su zauna. Na farko a wajen Afirka shi ne Longleat a Ingila, da aka buɗe a 1966.

Babban aikin mai tsarawa shi ne raba dabba da mutum ba tare da shingen ya tsone ido ba. Dabarar ta samo asali daga Carl Hagenbeck, wanda ya buɗe gidan dabbobinsa kusa da birnin Hamburg na Jamus a 1907, ya yi amfani da ramuka maimakon sandunan ƙarfe. Ana haƙa ramin kamar ganuwa: bangon ɓangaren mutane a tsaye, na ɓangaren dabba a kwance, don wadda ta gangara ta iya komawa da ƙafarta. Sai a rufe bakinsa da ciyayi, mai kallo ya ga kamar zaki da barewa suna fili ɗaya.

Kowace dabba da irin katangarta. Giwa da karkanda ƙarfi gare su, sai turakun ƙarfe ko kankare. Ramin ruwa yana tare manyan birai domin ba su iya iyo ba, amma idan ya yi zurfi sukan nutse. Kuskuren awo kuwa rai yake ci. A 2007 wata damisar Saberiya ta haura bango a gidan zu na San Francisco ta kashe mutum ɗaya; da aka auna, tsayinsa kusan mita 3.8 ne, alhali abin da ake so mita 5. Wayar lantarki taimako ce kawai, ba a dogara da ita, don wuta na iya ɗaukewa.

Hanyar motoci akan yi ta ta tafiya ɗaya, mai lanƙwasa, yadda direba ba zai yi gudu ba kuma ba zai hango jerin motocin da ke gabansa ba. A mashigar sashen zakuna ana sa ƙofa biyu da fili tsakaninsu, ba a buɗe ta biyu sai ta farko ta rufu, ma'aikaci na lura daga hasumiya. Tsakanin sassan masu kofato, ramin da aka shimfiɗa wa bututun ƙarfe ya wadatar: taya na wucewa, kofato ba ya iya takawa. Sashen birai kuwa gara a yi masa hanyar kaucewa, domin sun saba ɓalle madubi da abin goge gilashi.

Inuwa, ruwan sha da gishirin lasa ana ajiye su inda ake gani daga hanya, nan dabbobi za su taru da kansu. Duk da haka dole a bar musu maɓoya. Itatuwa sai an kewaye gindinsu da waya ko duwatsu, in ba haka ba raƙumin dawa da giwa su saɓule ɓawon, itacen ya mutu. Bakin tafki da ƙofar ɗakin kwana su ne suka fi zama taɓo da damina, shi ya sa ake zuba musu tsakuwa a fitar da magudanar ruwa.

Wurin masu tafiya a ƙasa, wato wajen ajiye motoci, sayen tikiti, banɗaki da cin abinci, ana haɗa shi waje ɗaya kusa da babbar ƙofa. Gangaren keken guragu kada ya wuce hawan mita 1 a tsawon mita 12. Motocin abinci, na shara da na likitan dabbobi suna da tasu hanyar ta baya, wadda ba ta gamuwa da ta baƙi.