Rikicewar bugun zuciya a yaran da aka haifa da karkatattun jijiyoyin jini

Ina ruwan jijiya da bugun zuciya?

Maƙwabtaka ce ta haɗa su. Ɗan ƙullin da ke ba zuciya umarnin bugawa yana zaune ne daidai inda babbar jijiyar da ke dawo da jini daga kai da hannuwa take shiga ɗakin sama na dama na zuciya. Idan jijiyoyin huhu guda huɗu, ko wasunsu, suka karkata suna zuba jini ta dama maimakon hagu, ɗakin yakan kumbura, kumburarren ɗaki kuwa ba ya isar da umarnin yadda ya kamata. Akwai kuma yaran da ƙullin bai ginu sosai ba tun a ciki, bugunsu yakan yi nawa tun suna jarirai.

Tiyata ba ta kawar da matsalar ba?

Tana gyara hanyar jini, amma yanka da ɗinki kusa da ƙullin kan raunana shi ko jijiyar da ke ciyar da shi. Shi ya sa likitoci da dama suka fi son aikin Warden, wanda aka bayyana a 1984: a yanke babbar jijiyar can sama a jona ta da kunnen ɗakin dama, wato ɗan aljihun da ke jikin ɗakin, a kauce wa mahaɗar.

A kwana ukun farko bayan aiki, bugu na iya ɓarkewa da gudu. Ana sanyaya jikin jariri zuwa digiri 34 ko 35 a ma'aunin Celsius, a ba shi sinadarin maganesiyom, in bai lafa ba a sa amiyodaron, maganin daidaita bugun zuciya. Nawar bugu kuwa takan ɓoye shekaru kafin ta bayyana, abin da ke ruɗin iyaye ke nan.

Me uwa za ta lura da shi?

Ƙin kama nono, gumi yayin tsotso, numfashi sama-sama, dushewar fata, ko suma a yaron da ya tasa. Zuciyar jariri takan buga 100 zuwa 160 a minti guda. Idan ta haura 220, a garzaya asibiti, kada a danne masa ido da sunan rage gudun.

Wane gwaji ake yi?

Hoton zuciya na eko da gwajin wutar zuciya. Na biyun ɗan lokaci kaɗan yake ɗauka, don haka ake maƙala wa yaro na'urar Holter mai naɗar bugun zuciya na awa 24, har cikin barcinsa. Wanda bugunsa ya yi ƙasa sosai ana dasa masa na'urar daidaita bugu, a jarirai ana ɗinka wayoyinta a jikin zuciya ta waje ne, saboda jijiyoyinsu sun yi ƙanana.