Poka a Legas: za ta iya zame wa mutum albashi?

Tun da gwamnatin Legas ta hana okada a ƙananan hukumomi shida ranar 1 ga Yuni 2022, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, hirar teburin mai shayi a Agege ta sauya. Kowa neman sana'ar da ba za a ƙwace masa ita a bakin titi ba yake yi. Wani ƙanena, ɗan unguwarmu can gida, ya samu gadi a Lekki bayan an tafi da babur ɗinsa. Duk daren Juma'a yana buɗe wa abokan maigidansa ƙofa, su kwana suna buga poka, da asuba wani ya fito ya cilla masa dubu goma yana dariya. Daga nan ya sauke manhajar poka a waya. Ni kuwa na yi shekaru ina riƙe wa 'yan canji littafi, shi ya sa shi da abokansa suka taso ni da tambayoyi.

Yaya, wai pokar nan ba karta ba ce irin wot?

Karta ce, amma ba ruwanta da wot ɗin kan tabarma. Kati 52 ne. A salon da ya fi yaɗuwa, Texas Hold'em, ana ba kowa kati biyu a rufe, sannan a shimfiɗa biyar a tsakiya kowa na gani: uku tashi ɗaya, sai ɗaya, sai na ƙarshe. Kowa ya haɗa biyar mafi ƙarfi daga cikin bakwai ɗin nan. Sau huɗu ake zuba kuɗi a zagaye guda, kuma hanyar ci biyu ce: ko katinka ya fi na kowa, ko ka tsorata su da zubi har su yar da nasu.

Akwai gasa, inda kake biyan kuɗin shiga ka buga har kwabban robar da aka ba ka su ƙare. Wadda kuke tambaya a kai ita ce ta tsabar kuɗi: kowane kwabon roba da ke gabanka naira ce, ka zauna sa'ad da ka so, ka tashi sa'ad da ka so. A kowane zagaye mutum biyu suna ajiye kuɗin tilas kafin su ga kati, ƙarami da babba, kuma da babban tilas ɗin ake auna komai a wasan.

To sa'a ce ko iyawa?

Duka biyun, kuma ba zan ɓoye muku ba, akwai iyawa sosai. Nan ta bambanta da cacar lambobi ta Baba Ijebu, inda boka da malamin lissafi duk ɗaya suke. A 2019 wata manhaja mai suna Pluribus, wadda masana a jami'ar Carnegie Mellon da kamfanin Facebook suka ƙera, ta doke ƙwararru a tebur mai mutum shida. Abin da babu dabara a cikinsa, ba a koya wa kwamfuta ta fi mutum.

Amma ku dubi wannan. Kati mafi ƙarfi da za a fara ba ka shi ne mai alamar A guda biyu. A lissafi sau ɗaya yake zuwa cikin zagaye 221. A tebur na ido da ido ana yin kamar zagaye 30 a awa, kenan za ka iya zama awa bakwai kana jiransa. Ya zo, abokin karawarka na riƙe da K biyu, katin da ke bin A a ƙarfi, kun tura duk kuɗinku tsakiya kafin a buɗe komai. Za ka ci kusan sau 82 cikin 100. Sauran 18 ɗin fa? Kusan sau ɗaya cikin biyar, ka yi komai daidai, wani ya kwashe. Iyawa tana bayyana ne bayan dubban zagaye. A dare ɗaya, wawa na iya tsiyata gwani, kuma hakan na faruwa kullum.

Idan na ƙware, nawa zan riƙa samu a wata?

Ɗauko biro, ƙanena, don nan ne maganar take.

Mu ɗauki tebur mai tilas ₦500 da ₦1,000. Al'adar wasan ita ce ka zauna da ninkin babban tilas sau ɗari, wato ₦100,000. Wanda ke cin babban tilas biyar a kowane zagaye 100, bayan an cire kason gidan caca, ana kiransa mai ci na gaske. Ka buga awa 40 a mako kamar ma'aikacin gwamnati, awa 160 a wata, zagaye 4,800 kenan. Ribarka a takarda ₦240,000. Na ga idonka ya buɗe.

Saurari sauran. Wasan yana da lilo, kuma 'yan poka sun auna shi: a zagaye 100, sama ko ƙasa da kamar babban tilas 90 abu ne na yau da kullum. Idan ka bi lissafin zuwa zagaye 4,800, lilon watan ya haura ₦600,000 ta kowane ɓangare. Wato wata guda ka tashi da dubu ɗari takwas, wani watan ka tafka asarar dubu ɗari huɗu, alhali ba ka canza komai a bugunka ba. Da waɗannan alƙaluman, kusan wata ɗaya cikin uku asara za ka rufe da ita. Kai gwani kenan fa.

Albashi sunansa albashi ne saboda ka san ranar zuwansa. Mai gidan haya a Legas kuɗin shekara yake karɓa a dunƙule. Inna a gida ta saba jin ƙarar saƙon banki ƙarshen wata, ba za ka kira ta ka ce katin bai faɗo ba. Ko mai tura baro a kasuwar Mile 12, ranar da kasuwa ta yi sanyi abin da zai same shi shi ne ya koma da kaɗan. Ba ya komawa da bashin abin da ya samu makon jiya.

Jari nawa ake buƙata?

Masu yin abin da gaske suna cewa kada ka zauna a tebur sai kana da ninkin kuɗin zama sau 20 zuwa 40 a ajiye, wasu su ce fiye da haka idan da shi za ka ci abinci. A teburin misalinmu, miliyan biyu zuwa huɗu, kuɗin da ba na haya ba, ba na adashi ba, ba na kowa ba. Ga kuma guzurin watanni daban. Tambayata ita ce, mai miliyan uku a hannu me ya kai shi zaman dare a Lekki? Tireda guda ya fi masa barci.

Wa ke ci kullum, tunda dole wani ya ci?

Mai gidan caca. Kamar dillali ne a kasuwar shanu, ko an yi riba ko an faɗi, la'adarsa na nan. Daga kuɗin tsakiya ake cire masa kaso, galibi 5 zuwa 10 cikin 100 har zuwa wata iyaka. Mutum tara su zauna da dubu ɗari ɗari, ₦900,000 ke nan a tebur. A ce ana zare ₦1,500 a kowane zagaye. Zagaye 30 a awa, awa takwas, ₦360,000 sun sulale ta ramin da ke gefen mai raba kati ba wanda ya ji ƙararsu. Shi ya sa ba ya isa ka fi abokan zamanka iyawa. Dole ka fi su da ratar da za ta biya gida sannan ta bar maka saura, kuma mafi yawan masu zama ba sa kai wa nan.

Amma ai akwai waɗanda suka yi arziki da ita.

Akwai, kuma kusan labari ɗaya ake ta maimaitawa. A 2003 wani akanta ɗan Amurka, Chris Moneymaker, ya samu kujera a babbar gasar duniya ta Las Vegas ta wata ƙaramar gasar intanet da bai kashe dala ɗari a kanta ba, ya cinye dala miliyan 2.5. Gasa ce wannan, ba teburin tsabar kuɗi ba, kuma mutum 839 suka shiga, sunan ɗaya ake tunawa. Bayansa sababbin hannu suka cika intanet, ƙwararru suka yi ta girbi. Wannan kakar ta wuce. Yau wanda ke gefen wayarka yana iya kasancewa ya shekara goma yana nazari da manhajar lissafi, ko ma ba mutum ba ne.

Kuɗinka kuma a hannun kamfani yake. Ranar 15 ga Afrilu 2011 hukumomin Amurka suka rufe manyan shafukan poka uku, sai ga shi ɗaya daga cikinsu, Full Tilt, ba shi da isassun kuɗin da zai biya masu ajiya, wasu suka yi shekaru suna jira.

Doka ta yarda a Legas?

A Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa sha'anin caca na jihohi ne, dokar tarayya ta 2005 iyakarta Abuja. A nan hukumar caca ta jihar Legas ke ba da lasisi, kuma sai ɗan shekara 18. Abin da ake yi a fili a manyan otal na Victoria Island, a Kano Hisba za ta rufe shi. Wasan ɗaki kuwa, irin na gidan da kake gadi, ba shi da alƙali. Mutum biyu su haɗa baki da ƙiftawar ido, ko wanda ka ci ya ce gobe zai turo, wa za ka kai wa ƙara?

Tunda akwai dabara a ciki, ko ta fita daga caca a addini?

Ba ta fita ba. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta ambaci giya da caca tare, ta ce akwai wasu amfanoni ga mutane amma zunubinsu ya fi girma, sannan aya ta 90 da 91 a Ma'ida suka yi umarni da a nisance su, suka ambaci gaba da ƙiyayya da shagala daga salla. Abin da malamai ke dubawa shi ne kowa ya zuba nasa, wani ya tafi da na wani a kan abin da ba a san ƙarshensa ba. Ƙwarewa ba ta sauya wannan. Hasali ma, 'yan poka da kansu suna kiran wanda bai iya ba kifi, kuma babbar dabarar sana'ar ita ce zaɓen teburin da kifi ya fi yawa. Ribar gwani aljihun wannan bawan Allah ce.

Ni dai na riga na fara, kuma ina ganin ban faɗi ba, Yaya.

Haka ƙanen nan nawa ya ce da ni, yana juya shayi. Na tambaye shi nawa ya zuba tun farko, ya ce bai wuce dubu tamanin ba. Na ce mu buɗe manhajar bankinsa. Muka bi layi layi, dubu biyar, dubu goma, dubu uku da ƙarfe biyun dare, sau huɗu a dare ɗaya yana neman ramuwa. Jimilla ta haura dubu ɗari biyu. Darare biyun da ya ci kuwa, har katin da ya faɗo ƙarshe yana iya faɗa maka.

Na saya masa ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta, na ja masa layi huɗu kamar yadda muke yi a shagon canji: rana, awa nawa, abin da ya shiga, abin da ya fita. Na ce ya rubuta kafin ya kwanta, ko ya ci ko an cinye shi. Bayan wata biyu muka haɗu a masallacin Juma'a, na ce ya nuna mini. Shafi uku ya cika da kyakkyawan rubutu. A na huɗu akwai kwanan wata da awa shida, gurbin kuɗin kuma babu komai.