Ba kowace babbar makaranta ce jami'a ba

A unguwa, da zarar yaro ya gama sakandare ya ɗauki akwati ya tafi karatu, sai ka ji ana cewa "ya tafi jami'a", ko da kuwa Poli ya nufa ko kwalejin ilimi. Wannan kuskure ya daɗe a bakin mutane.

Kalmar jami'a daga Larabci ta zo, tushenta ɗaya da jama'a da Juma'a, wato tarawa. Jami'a wuri ne da ya tara tsangayoyi daban-daban, kuma doka ta ba shi ikon bayar da digiri da sunansa, har zuwa digirin digirgir. Poli kuwa difloma take bayarwa, ƙarama da babba. Kwalejin ilimi tana horar da malamai ne, ta ba su takardar shaidar malanta ta NCE. Hukumomin da ke kula da su ma daban ne: NUC ke kula da jami'o'i, NBTE ke kula da Poli, NCCE kuma kwalejojin ilimi.

Dubi Bayero ta Kano. Shekaru ta yi tana kwaleji a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sai a 1977 ta zama cikakkiyar jami'a. Ni dai ban ga abin kunya a kalmar kwaleji ba. In ana son a haɗa su duka, "manyan makarantu" ake cewa.