Gwajin Juriyar Tsarin Fayil ga Lalacewar Faifai

Gwajin juriyar tsarin fayil, wato manhajar da ke tsara yadda ake ajiye fayiloli a faifai, hanya ce da masu kula da kwamfuta ke bi su ɓata wani yanki na faifan ajiya da gangan, sannan su zuba ido su ga abin da tsarin zai yi: zai lura, zai gyara, ko kuwa zai miƙa wa mai shi gurɓataccen bayani bai ce uffan ba. An fi yin sa a kan ma'ajiyar da ke haɗa faifai biyu ko fiye, wadda aka sani da RAID.

Sunan RAID ya fito ne daga Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a 1987, a aikin David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz. A RAID 1 kowane bayani ana rubuta shi sau biyu, kwafi ɗaya a kowane faifai. A RAID 5 ana ajiye wani lissafi na cike gurbi wanda zai dawo da abin da ke kan faifai ɗaya idan ya mutu, RAID 6 kuma yana jure mutuwar biyu. Duk an gina su ne a kan zaton cewa faifai idan ya lalace zai faɗa.

Lalacewar da ba ta da hayaniya

Matsalar ita ce ba kullum yake faɗa ba. Wani lokaci faifan yana rubuta bayani a wurin da ba nasa ba, ko ya ce ya rubuta alhali bai rubuta ba, ko waya mai kwance ta canja wani abu a hanya. Wani bincike da aka fitar a 2008 ya bi faifai miliyan 1.53 na kamfanin NetApp tsawon wata 41, ya tarar da irin wannan saɓani fiye da 400,000. Su ma masu ƙera faifan gida sukan rubuta a takardar kayansu cewa ana iya kasa karanta bit ɗaya, wato mafi ƙanƙantar ƙwayar bayani, cikin tiriliyan 100, wato kusan sau ɗaya a kowane terabayit 12.5. A da wannan adadi ya yi nisa, yanzu kuwa ana samun faifai guda da ya fi haka girma.

Wanda ya yi makarantar allo zai gane inda gizo ke saƙar. Almajirai biyu sun rubuta aya ɗaya, allunansu sun saɓa a wasali guda, ga shi babu alaramma a kusa. Yawan alluna bai raba gardama ba. Haka RAID 1 na Linux, wanda ake sarrafawa da manhajar mdadm, yake: idan aka sa shi dubawa zai ƙirga wuraren da kwafi biyun suka saɓa, ya ajiye adadin a mismatch_cnt, amma bai san wanne ne mai gaskiya ba. Idan aka ce ya gyara, sai ya ɗauki ɗaya ya shafe ɗayan da shi, kuma yana iya zama mai kyaun ne ya shafe. Tsarin ext4 da XFS da aka saba ɗorawa a kansa suna tantance bayanan tsarinsu ne kawai, ba abin da ke cikin fayil ɗin mutum ba.

Alaramman da ake nema shi ne lambar shaida: wani gajeren lissafi da ake fitarwa daga kowane gutsuren bayani lokacin rubuta shi, a sake lissafa shi lokacin karantawa. Tsarin fayil na ZFS, wanda Jeff Bonwick da Matt Ahrens suka fara a kamfanin Sun a 2001 aka sake shi ga jama'a a 2005, ba ya ajiye lambar tare da gutsuren, sai a gutsuren da ke nuni zuwa gare shi, don kada mai laifi ya zama shi ne shaidar kansa. Shi ma tsarin Btrfs, wanda Chris Mason ya fara a Oracle a 2007 ya shiga Linux a 2009, yana ajiye nasa lambobin a wani reshe dabam. Dukansu idan kwafi ɗaya ya faɗi jarrabawa sukan ɗauko ɗayan, su ba mai karatu, su kuma gyara maras kyaun.

Yadda ake gwajin

Ba a koyon aski a kan maigida, don haka ba a yin wannan gwaji a kan faifan da ke ɗauke da aikin mutane. Ana ƙirƙiro fayiloli biyu manya a sa kwamfuta ta ɗauke su tamkar faifai, a haɗa su madubin juna kamar RAID 1, a zuba musu bayanai, a rubuta lambar shaidar kowane fayil da sha256sum a ajiye a gefe. Daga nan sai a sauke tsarin, a ɗauko dd, umarnin da ke rubutu kai tsaye a kan faifai, a watsa shirme a tsakiyar ɗaya daga cikinsu. Akan tsallake 'yan megabayit na farko, domin a nan alamomin da tsarin ke gane faifansa suke. Wanda ya ɓata su wani gwajin dabam yake yi. Sai a mayar da komai, a karanta, a kwatanta.

A ZFS umarnin zpool scrub ne ke bin bayanan da ke faifan kaf, zpool status kuma ya nuna adadin kurakurai a layin CKSUM, wato na lambar shaida, na faifan da aka ɓata. A Btrfs akwai btrfs scrub da btrfs device stats. Zagaye na biyu ya fi daɗin kallo: a ɓata wuri ɗaya a duka faifan. A nan babu abin da za a ceto, abin da ake so a gani shi ne tsarin ya ƙi ba da fayil ɗin, ya kuma faɗi sunansa.

Sabon shiga yakan ruɗi kansa a wuri biyu. Kwamfuta tana riƙe abin da ta karanta kwanan nan a RAM, wato ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, saboda haka mutum zai ɓata faifai, ya buɗe fayil, ya gan shi garau, ya yi ta murna, alhali ko taɓa faifan ba a yi ba. Dole a share abin da ke RAM ɗin tukuna, a ZFS kuma a fitar da rukunin faifan a sake shigo da shi. Na biyu, madubi ba ya karanta kwafi biyu a lokaci guda. Btrfs ya daɗe yana zaɓen kwafi bisa lambar shirin da ke karatu, mai cika ko mara cika, don haka karatu ɗaya na iya wucewa ta gefen ɓarnar. Masu gina tsarin suna da kayan aiki da suka fi dd ladabi, irin su zinject da dm-flakey, waɗanda ke sa faifai ya yi ƙarya a daidai lokacin da aka zaɓa.

A ƙaramin ofis

A Makka da Jidda, inda Hausawa suka daɗe suna hidimar alhazai, ana iya ganin amfanin abin a fili. A ɗauki ofishin da ke ajiye hotunan fasfo da takardun masauki a ɗan akwati mai faifai biyu a ƙarƙashin tebur. Ana cika shi a Zulƙida da Zulhajji, sannan a bar shi watanni babu mai buɗe tsofaffin fayiloli, ga zafin bazara da ke wuce digiri 40 duk ranar da na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Sai lokacin Umrar azumi wani ya nemi fasfon wata Hajiya, hoton ya buɗe rabinsa fuska rabinsa toka-toka, fitilun akwatin kuwa duk kore ne. Irin wannan ofis ya fi kowa bukatar a sa masa dubawar faifai kowane wata, domin lalacewar da ba a karanta ba, ba a gyara ta.

Gwajin yana da iyaka. Idan bayani ya gurɓace a RAM kafin a fitar masa da lamba, tsarin zai sa wa ɓarnar hatimi ya adana ta, shi ya sa ake son RAM mai gyara kuskure, wato ECC. A Btrfs, fayil ɗin da aka sa wa alamar nodatacow ba shi da lambar shaida ko kaɗan, kuma masu tsarin da kansu suna gargaɗi a kan RAID 5 da 6 nasu saboda abin da ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu ke jawowa. Fayil ɗin da ma'aikaci ya goge bisa kuskure kuwa a faifan biyu yake gogewa lokaci guda. Wannan sai kwafin da aka ajiye a wani wuri dabam.