Mashayar koktel ta gwanaye da rayuwar dare a manyan birane

Mashayar koktel ta gwanaye wani irin bar ne da ake samu a manyan birane kamar Niyok, Landan, Paris da Tokiyo, inda barman ba kwalba yake buɗewa ya miƙa maka ba, a'a, haɗa abin sha yake yi a gabanka kofi ɗaya-ɗaya da ma'auni, da lemun tsamin da aka matse ranar, da siron da su suka dafa da kansu. Mafi yawan abin da ake haɗawa akwai giya a ciki, wannan ba a ɓoye yake ba kuma haramun ne ga Musulmi, amma yanzu kusan kowane irin wurin nan yana da jerin haɗin da babu giya ko ɗigo. Abin da ya sa ya dace ɗan Maraɗi ya san zancen shi ne wani ɓangare na kayan aikinsu daga irin ƙasarmu yake fita.

Asali

Karon farko da aka bayyana ma'anar koktel a rubuce shi ne a 1806 cikin wata jarida ta garin Hudson a jihar Niyok, aka ce haɗi ne na abu huɗu: barasa, sukari, ruwa da ruwan ɗaci. Shi ruwan ɗacin nan asalinsa magani ne, jiƙon saiwoyi da ɓawon itace, wanda ya fi suna wato Angostura wani likita Bajamushe mai suna Johann Siegert ne ya haɗa shi a Benezuwela a 1824 don ciwon ciki. A 1862 Jerry Thomas ya fitar da littafin farko na koyar da sana'ar a Amurka.

Sai 1920 ta zo Amurka ta hana sayar da giya a ƙasar baki ɗaya, dokar ta zauna har 1933. Shan bai tsaya ba, ya dai koma ɓoye, bayan kantuna da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda sai ka san kalmar sirri ake buɗe maka ƙofa, gwanayen barman kuma da yawa suka tattara suka tafi Landan da Paris da Habana. Bayan nan sana'ar ta yi ta lalacewa shekara da shekaru, aka koma garin lemu na leda da siron kamfani mai zaƙi cau, kowa ya zuba yadda ya ga dama.

Farfaɗowar ta fara ne wajen 1987 lokacin da Dale DeGroff ya karɓi bar ɗin Rainbow Room a Niyok ya ce shi lemu na gaske zai matse. Daga baya Sasha Petraske ya buɗe Milk & Honey a Niyok daren ƙarshe na 1999, ɗan ƙaramin wuri ba allo a ƙofa, da dokoki rubuce: ba ihu, ba faɗa, namiji ba ya zuwa ya tare macen da bai sani ba da surutu. Wannan salon ne ya bazu duniya, har a 2007 aka buɗe wani bar a Niyok mai suna PDT da ake shiga ta cikin akwatin tarho a shagon mai sayar da abinci, a 2009 kuma aka fara fitar da jerin bar 50 da suka fi fice a duniya kowace shekara.

Yadda ake aikin

Nan ne fa abin yake da ban sha'awa ko ga wanda bai taɓa kusantar giya ba. Barman yana da ɗan ma'auni na ƙarfe mai baki biyu, komai sai ya auna, tsami kaza zaƙi kaza, don in zaƙi ya rinjayi tsami da cokali guda ma an ɓata kofin. Haɗin da ke da ruwan lemu girgiza shi ake yi cikin gwangwani da ƙanƙara na daƙiƙa goma zuwa sha biyar har gwangwanin ya yi raɓa hannu ya fara jin zafin sanyi, wanda babu lemu kuma motsawa ake yi a hankali da dogon cokali don ya fito garau. Ƙanƙarar ma ba kowace ba, babban dunƙule suke so mai haske kamar gilashi wanda ba ya narkewa da wuri, a Tokiyo har da wuƙa ake fere ta ta zama ƙwallo, saboda ruwan da ya narke ya shiga cikin kofin shi ma a lissafe yake. A ƙarshe a murɗa ɓawon lemu a saman kofin man ɓawon ya fantsama, hanci ya riga baki ji.

Shi ya sa tsada. A Niyok kofi guda yana kaiwa dalar Amurka 15 zuwa 20, kusan jika goma kenan na sefa ko fiye.

Kayanmu a kantarsu

Ƙaro, wanda yara ke ɓantara a jikin itace a daji, shi ne ake narkawa cikin siro ya ba shi kauri da santsi, tun zamanin Jerry Thomas ake yin haka kuma daga yankin Sahel yake zuwa, Sudan da Cadi da Najeriya su ne kan gaba, mu ma muna da shi. Zoɓo sun gano shi saboda jan launinsa da tsaminsa. Tsamiya, citta, garin kuka, duk sun shiga. Citta mai ƴaƴa tana cikin kayan ƙamshin da ake sa wa wasu nau'in barasar da ake kira jin. Ita kuwa aya, wadda jihar Maraɗi ce cibiyar nomanta a Nijar, a Balensiya ta ƙasar Sipaniya da ita suke yin abin shan da suke alfahari da shi, kunun aya ne dai sak, kuma Sipaniya tana sayen aya daga Nijar. A ganina abin takaici ne a ce manomin da ya tona ta ya rairaye ta daga ƙasa buhu yake sayarwa da arha, kofi guda a can kuma ya fi kuɗin tiya nesa ba kusa ba.

Daren babban birni

Waɗannan bar ɗin yanki ne kawai na kasuwar dare, akwai gidajen rawa, gidajen abinci, masu taksi, masu gadi, dubban mutane ke ci daga nan. Landan ta fara gudanar da jirgin ƙarƙashin ƙasa dare farai a ƙarshen mako a 2016, a shekarar kuma magajin gari ya naɗa jami'a ta musamman mai kula da harkar dare, Amsterdam ta riga ta da abin da suke kira magajin garin dare. Rigimarsu kullum ɗaya ce, maƙwabta na kukan hayaniya, haya na tashi, masu maye na faɗa a titi. Kuma kyan kofi bai rage illar abin da ke ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019 kaɗai. Matasa da yawa a Turai da Amurka sun rage sha, shi ya buɗe kasuwar haɗin da babu giya, a 2015 ma aka fara sayar da Seedlip a Ingila, tataccen ruwan ganyaye da kayan ƙamshi ba barasa.

A Maraɗi

Maraɗi ba ta da irin wannan bar ɗin a matsayin al'ada. Akwai ƴan mashaya da otel-otel amma a gefe suke, mai zuwa ma ba ya so a gan shi, kuma a watan Nuwamba na 2000 lokacin zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA an kai wa mashayu hari a garin. Daren Maraɗi na fada ne. Bayan isha'i samari su shimfiɗa tabarma ko su jera benci a ƙofar gida, a Zariya ko Sabon Gari ko Ali Ɗan Sofo, a hura gawayi a ɗora buta, ana karta ana gardamar ƙwallo, mai tsire na gefe ƴan kabu-kabu na wucewa. Mai dafa shayin nan ka tsaya ka kalle shi, yadda yake ɗaga buta sama yana zuba wa ƙaramin kofi yana mayarwa har kumfa ta tsaya, ya ɗanɗana ya ƙara sukari ko na'ana'a, na farko da ɗaci na biyu daidai na uku da zaƙi, hannu ne da harshe irin na barman ɗin Tokiyo, kawai dai shi ba wanda ya rubuta sunansa a jarida.

Haka matan da ke haɗa zoɓo da lemun citta da kunun aya a gida yara su fita da su cikin kula, kowace da sirrinta, wata kanumfari wata ɓawon abarba wata masoro kaɗan. Babbar matsalarsu sanyi ne, in wuta ta ɗauke a watan Afrilu kunun aya ba ya kai yamma bai yi tsami ba, ƙanƙara kuma ta yi tsada ta yi wuya. A azumi ne kasuwar ta fi ci, daga la'asar ake layi wajen masu ƙanƙara, bayan tarawi kuma gari ya sake cika har wajen sahur.