Waiwaye: Daga ina ake tsara abin da Zariya ke kallo a talabijin?

Kafin zuwan dish da dikoda, gidan da ke da talabijin a Zariya ba ya ɓuya. Tun daga nesa za ka hango eriya a kan doguwar gora ko bututun ƙarfe, an juya fuskarta kudu, wajen Kaduna, tafiyar kusan kilomita 80. Garin da ke da babbar jami'ar Arewa da kamfanin Gaskiya, inda aka buga littattafan da suka raini masu karatun Hausa, ya daɗe yana jiran hoton da wani gari zai turo masa.

Talabijin ta shigo Nijeriya ta Ibadan a watan Oktoba na 1959, a mulkin Awolowo na Jihar Yamma. Inugu ta bi baya a 1960. A 1962 gwamnatin Sardauna ta buɗe tata a Kaduna, ƙarƙashin kamfanin watsa labarai na Arewa, BCNN, da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu, EMI da Granada. Kowace jiha a lokacin ita ke da tasharta, ita ke yanka jadawalinta. Gidan Kaduna na Arewa ne, don haka Hausa ba baƙuwa ba ce a cikinsa, duk da cewa awannin kaɗan ne, kuma finafinan waje ne ke cike gurabe da yawa.

Abin ya sauya a hannun soja. Dokar soja mai lamba 24 ta 1977, wadda aka ce ta fara aiki tun Afrilun 1976, ta tattara tashoshin ƙasar duka a ƙarƙashin hukuma ɗaya, wato NTA. Hujjar gwamnati ita ce haɗin kan ƙasa bayan yaƙin basasa: ɗan Zariya da ɗan Kalaba su kalli abu ɗaya a lokaci ɗaya. Hujjar ba ta banza ba ce. Amma a aikace ma'anarta ita ce awannin da kowa yake gida, bayan Isha'i, an ci tuwo an zauna, yawancinsu sun koma hannun Legas. Ƙarfe tara na dare duk tashoshi za su jona da hedkwata don labaran ƙasa, kuma manyan wasanni da masu talla suka ɗauki nauyi su ma ta can suke biyowa, da Turanci.

Abin lura, da gwamnati ta karɓe rediyon Kaduna a 1978, aka nemi rage masa ƙarfin zango, mutanen Arewa sun tayar da jijiyar wuya har sai da aka bar shi da muryarsa. Talabijin ba ta samu irin wannan gata ba. A ganina dalilin a fili yake: rediyo na kowa ne, har manomi a gona, talabijin kuwa ta ma'aikata ce da malaman jami'a da 'yan kasuwa, waɗanda Turancin bai dame su ba.

Wanda ya yi kallo a shekarun 1980 ya san tsarin ko da ba a buga masa a jarida ba. A ranakun aiki sai wajen ƙarfe huɗu na yamma tasha ke buɗewa. Kafin nan layukan launi ne a tsaye a allo, sai taken ƙasa, sai mai gabatarwa ta karanto shirye-shiryen ranar. Yara su samu nasu da farko. Labaran Hausa da sanarwa da wasan kwaikwayo na gida su samu wuri kafin a jona da Legas. Ƙarshen mako a sa fim ɗin Indiya ko na Chana ko kokawar Turawa, da azumi a buɗe fili don tafsiri. Wajen tsakar dare a sake taken ƙasa a rufe. Duk wannan in NEPA ta yarda. In ba ta yarda ba, mai baƙi-da-fari ya jawo batirin mota, yaran unguwa su cika tsakar gida har zaure.

Inda rikicin jadawalin ya fi fitowa shi ne wasan kwaikwayo. Gidan Kaduna yana da gwanaye. Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya yi Samanja. Kasimu Yero, ɗan Zazzau, ya yi Karambana. Amma shiga jadawalin ƙasa yana da kuɗin shiga, kuma harshe ne kuɗin. Samanja ya haye ne domin rayuwar bariki ta ba shi damar gauraya Hausa da buroka, Bayarabe da Ibo su ji su yi dariya. Kasimu Yero kuma sauran ƙasar sun fi saninsa da rawar da ya taka da Turanci a Cock Crow at Dawn, wasan noma da aka shirya a Jos, bankin UBA ya ɗauki nauyi. Wasan da ya tsaya a kan Hausa zalla ya tsaya a yankinsa, da ƙaramin kasafi, a lokacin da aka ga dama aka ba shi.

Kundin tsarin mulki na 1979 ya dawo wa jihohi da ikon buɗe tashoshi. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV a Kano, mai yawan shirye-shiryen Hausa, daga baya Jihar Kaduna ma ta samu tata. Sai dai tattalin arziki ya karye a tsakiyar shekarun 1980, aka ce wa NTA ta nemo wani kaso na kuɗinta da kanta. Daga nan mai biya shi ke da awa. Sayen tsohon wasan Meziko da aka juya zuwa Turanci ya fi shirya sabo a Kaduna araha, kuma abin da aka yi ke nan a farkon shekarun 1990. A daidai lokacin ne kaset ɗin bidiyo na Hausa ya fara fitowa daga Kano. Ban ɗauki wannan a matsayin katari ba: masu kallon da jadawali ya bari a baya, musamman matan aure da ke cikin gida tun safe tasha tana rufe, su ne suka riƙe kasuwar kaset.

Dokar 38 ta 1992 ta kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin, ta ba 'yan kasuwa lasisin buɗe tashoshi. DITV ta buɗe a Kaduna, AIT ta zo a 1996. Bayan dawowar farar hula a 1999 NTA ta yawaita ƙananan tashoshi, Zariya ma ta samu tata, amma ita ma ƙarfe tara sai ta jona, yanzu da Abuja. Tashar da ta ba Hausa dukan yini da dare, Arewa24, sai a 2014 ta zo, kuma ta tauraron ɗan'adam, ba ta eriya ba. An ƙaddamar da komawa tsarin dijital a Jos a 2016, aka zo Kaduna a ƙarshen 2017, lokacin da gidaje da yawa a Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru sun riga sun kafa dish.